Dutsen Guga Huɗu da Ƙwan Zabi Sittin

Ranar Talata ce a tsakiyar watan Yuli. Tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf amma kuma ba ya bari ya bushe, kwatocin Unguwar Shanu duk sun cika suna zubowa kan hanya. A cikin wannan yayyafin ne wani direba ɗan garinsu Inna Yalwa ya tsaya a ƙofar gidan mijinta Malam Lawan, ya sauke kwando an rufe shi da buhu. Ƙwan zabi ne a ciki, an jera su cikin ƙaiƙayi, saƙo daga ƙanwarta da ke ƙauye. Sittin da biyu aka aiko, biyu sun fashe a ramukan hanya.

Shamsuddeen ne ya shiga da kwandon. Ɗan ƙanwar Malam Lawan ne, a gidan ya tashi, shekararsa ashirin da huɗu, kuma babu sana'ar da bai leƙa ba tun da ya ajiye jakar makaranta a aji huɗu na sakandare. Ya yi ɗinki wata uku. Ya ja keke wata biyu da rabi, ya ce fasinjoji sun cika surutu. Ya bi masu fenti, ya bi masu ɗora sili a rufin ɗaki, ya taɓa zuwa Legas ya dawo kafin a gama yi masa addu'ar sauka lafiya. Abu ɗaya ne kawai in ya bari yake sake dawowa kansa, wato wayoyin lantarki. Ba wanda ya koya masa. Kwance kayan mutane ya riƙa yi, yana mayarwa, har wata rana ya mayar da wani ya yi aiki.

Layinsu kuwa wuri ne da mai irin wannan hannu ba zai rasa abin yi ba. Shekara uku ke nan rabin wuta ake kawo musu. Ƙwan fitila yakan kama ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Fanka tana juyawa a natse, har mutum ya iya ƙirga fukafukanta yana kwance. Firij ɗin Inna Yalwa ya daɗe da zama ma'ajiyar daddawa da busasshen kifi. An taɓa kawo sabuwar taransifoma, aka gina mata dakali a bakin layi, aka kewaye ta da waya, sai aka tafi aka bar ta shekara biyu ba a haɗa ba, awaki suna fakewa a gindinta in ana ruwa. Don haka Shamsu ya koyi naɗa wata na'ura da mutane ke kira busta, wadda ke karɓar rabin wutar nan ta ninka ta, talabijin ya samu ya kama. Gida goma sha uku a layin suna da bustar Shamsu.

Abin da yake so yanzu shi ne shagon da ke jikin gidan Kawu Lawan, mai ƙofar ƙarfe, yana kallon titi. Ɗan hayar da ke ciki ya tashi tun watan jiya. Shamsu ya riga ya zana allon da zai kafa a kai, a cikin ransa har ya zaɓi launin fenti. Matsalar ita ce Sanda mai aski, wani Bazamfare da ke aiki ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo a ƙarshen layi, shi ma ya zo ya durƙusa ya nemi shagon. Kawu Lawan kuwa, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana jera fayil a sakatariya kafin ya yi ritaya, ba ya yanke hukunci da gaggawa. Ya ce wa kowa a dakace shi.

Inna Yalwa ta zauna a gaban kwandon tana tagumi. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kowa ya sani, kaza ake sa wa ƙwanta. Kajinta biyu ne, kuma babu wadda ke da niyyar kwanci a cikinsu. Ta ce da ta samu waɗannan sun ƙyanƙyashe, da ta cika bayan gida da zabi kamar yadda gidansu yake tana yarinya, amma tunda babu hali, a dafa a raba wa maƙwabta.

Shamsu ya ce kada a dafa. Ya ce akwai injin ƙyanƙyasa, ya gani a waya, ba komai ba ne illa akwati mai ɗumi, kuma shi zai haɗa shi cikin kwana biyu.

Kawu Lawan ya sauke jaridarsa ya dube shi ta saman tabarau. Ya tambayi kwana nawa ƙwan zabi ke yi kafin ya fashe, Inna ta ce ashirin da takwas. Sai Kawu ya ce, "Shamsuddeen, ban taɓa ganin ka fara abu na ga ƙarshensa ba. In ka zauna a kan ƙwan nan har rabinsu suka ƙyanƙyashe, shago naka ne. In ba haka ba, Sanda zan ba wa."

Bai tsaya a baki ba. Ya ɗauko takarda ya rubuta yarjejeniya mai sakin layi biyar, ya sa kwanan wata, kowa ya sa hannu, ya huda ta ya ɗaure cikin wani koren fayil.

A ɗakin shirgi akwai tsohon shogilas, akwatin gilashin nan da Inna ta taɓa sayar da cincin da kek a ciki. Shamsu ya wanke shi, ya yi masa shimfiɗar raga inda ƙwai za su kwanta, ya ajiye shi a baranda kusa da soket. Don samun zafi sai ya kwance wani tsohon dutsen guga, ya ciro ƙarfen da ke cikinsa mai ɗaukar zafi, ya ɗaure shi a ƙasan akwatin. Allah ya taimaka bai fara da ƙwai ba. Kyandir ya tsayar a ciki don gwaji, ya rufe, ya tafi sallar la'asar. Da ya dawo kyandir ya sunkuya ya kwanta, ya bazu a kan raga.

A nan Nafisat ta same shi, 'yar Kawu Lawan, wadda ke karatun lantarki a kwalejin fasaha. Taubasai ne, shi ɗan mace ita 'yar namiji, don haka tun suna yara babu wanda ke raga wa wani. Ita tana kiransa Injiniya, shi yana kiranta Farfesa, kuma babu mai nufin yabo.

"Injiniya, gashi za ka yi mana ko ƙyanƙyasa?" in ji ta. "In gashi ne a kawo yaji."

Ya ce ta matsa ta ba shi wuri, aikin hannu ne ba na allo ba. Ta ƙi matsawa. Ta sa ya ɗauko mitarsa, wadda har ranar bai taɓa amfani da ita ba sai don ya ga ko akwai wuta ko babu. Ta ce ya auna ƙarfin wutar da ke fitowa daga bango. Mita ta nuna bolt ɗari da ashirin. Ta nuna masa yadda zai ratsa mitar a tsakiyar waya ya ga yawan wutar da ke wucewa, ta nuna amfiya biyu.

Ta yage bayan kwalin sabulu ta fara rubutu. Ta ce abu huɗu ne kawai. Bolt shi ne ƙarfin da ake turo wutar da shi. Amfiya shi ne yawan wadda ta samu ta wuce. Om shi ne yadda ƙarfen ke tirjewa ya hana ta wucewa, kuma ana samunsa in an raba bolt da amfiya. Wat kuma shi ne aikin da wutar ta yi, a nan zafi ke nan, ana samunsa in an yi bolt sau amfiya.

Shamsu ya ce wato om shi ne taurin kai. Ta ce haka ne, kuma da za a sa masa mita a ka, da allurar ta karye.

Amma ya karɓi biron. Ɗari da ashirin a raba da biyu, sittin. Taurin kan dutsen guga ɗaya om sittin. Ɗari da ashirin sau biyu, ɗari biyu da arba'in. Wat ɗari biyu da arba'in ne ya narkar da kyandir. Ya daɗe yana kallon kwalin. Shekara takwas rabonsa da lissafi, kuma wancan lissafin na makaranta bai taɓa narkar da komai a gabansa ba. Ya tambaye ta, in ya haɗa dutse biyu, bakin wannan a wutsiyar wancan, taurin kan zai taru? Ta ce zai taru. Ya ce to wuta za ta ragu, zafi ya ragu. Ta ce ashe akwai abu a ƙarƙashin hular.

Washegari ya zaga layi yana roƙon tsofaffin duwatsun guga. Ba su yi wuyar samu ba, domin tun da wuta ta yi rauni kowa ya koma na gawayi. Da biyu ya gwada, akwati ya yi zafi da yawa. Da uku ma ya ɗan zarce. Da ya haɗa huɗu, mita ta nuna rabin amfiya. Ya yi lissafin shi kaɗai a jikin bango da gawayi: ɗari da ashirin a raba da rabi, om ɗari biyu da arba'in, ɗari da ashirin sau rabi, wat sittin. Ya sayo ma'aunin zafi na gilashi a kemis, irin wanda ake sa wa mai zazzaɓi a hammata, ya rataye shi a ciki. Bayan awa uku ya tsaya kusa da talatin da takwas, daidai ɗumin cikin kaza.

Ya kuma sayo wata 'yar na'ura a kasuwa wadda aka ce tana yanke wuta da kanta in zafi ya kai, ta maido in ya sauka. Da ya haɗa ta, ba ta yanke ba, ba ta maido ba, sai kuka take yi kamar gyare, saboda wutar layin ba ta isa ta tashe ta ba. Ya cire ta ya jefa cikin aljihun tebur. Ya ce lissafi ya wadatar, sauran kuma bargo ne: in zafi ya sauka a lulluɓa, in ya hau a yaye.

A saman bangon, sama da duk sauran lambobi, ya rubuta 120 ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Nafisat ta duba aikin daga sama har ƙasa ba ta sami kuskure ba. A makaranta kullum ɗari biyu da arba'in ake rubuta musu a allo, amma wannan wutar littafi ce. Ita ma a layin nan take kwana, ta san wutar gida ɗari da ashirin ce, kamar yadda ta san lambar gidansu.

Ranar Juma'a da safe aka jera ƙwai sittin, Inna ta yi bisimilla a kan kowane jeri.

Daga nan Shamsu ya zama kaza. Sau uku a rana yake juya ƙwan, ya yi wa kowanne alama da fensir don kada ya rikice. Ya ajiye kwanon ruwa a ciki saboda laima. In aka ɗauke wuta, shi da Inna sukan tafasa ruwa su cika kwalabe su jera a gefe-gefe, a lulluɓe da bargo, yana leƙa ma'auni kamar mai jinya. Abokansa na majalisa suka daina ganinsa. Wani ya kira shi aikin sili a Abuja, sati uku, da wurin kwana. Ƙafarsa ta yi ta ƙaiƙayi yini guda, ya fita ƙofar gida ya dawo ya fi sau goma, a ƙarshe ya tsaya ya dafa ƙofar shagon nan ta ƙarfe, ya kira ya ce ba zai samu zuwa ba.

A rana ta uku ya dawo daga masallaci ya tarar Kawu ya zare filogin akwatin ya sa na rediyonsa yana jin labaran rana. Kawu ya ce minti goma ne kawai. Shamsu ya durƙusa cikin ladabi, ya ce yana roƙon a ƙara sakin layi na shida a yarjejeniya: babu wanda zai zare filogin nan ko ya buɗe akwatin nan, ko me ya gani, sai shi Shamsuddeen. Abin ya yi wa Kawu daɗi ƙwarai, don a ganinsa wannan ne karo na farko da yaron ya nemi a yi abu bisa tsari. Ya ɗauko koren fayil ya rubuta, aka sake sa hannu. Shamsu ya naɗe filogin da salatif ja.

A rana ta tara ya shiga ƙarƙashin bargo da fitilar waya, yana haska ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Hamsin da ɗaya sun yi jijiyoyi ja kamar saiwar albasa, wasu har da ɗan ɗigo mai motsi. Ya kira Inna ta leƙa. Ta fito daga bargon tana murmushi, ta tafi bayan gida tana auna inda za a kafa akurki. Shamsu ya lissafa, talatin kawai yake bukata.

Ranar Litinin, rana ta goma sha ɗaya, gari ya waye tas babu gajimare. Tun da hantsi aka ga motar ma'aikatan wuta a bakin layi, amma ba wanda ya kula, don sun sha zuwa su dubi taransifomar nan su kori awaki su tafi. Aka ɗauke wuta wajen ƙarfe tara, Shamsu ya jera kwalabensa. Ƙarfe goma sha ɗaya saura aka maido ta.

Fankar falo ce ta fara ba da labari. Ta zabura da wani irin gudu, ta kwashe jaridar Kawu daga kan tebur ta watsa. Ƙwan fitilar baranda ya yi fari fat da rana tsaka. Firij ya yi wata shaƙuwa ya kama ruri, da daddawa da kifi a cikinsa. Daga maƙwabta aka ji guɗa. Shamsu ya soka mita a bango, ya ga ɗari biyu da arba'in cif, ya ɗauka mitar ce ta lalace, ya buga ta a tafin hannu ya sake sokawa.

Abin da ya fara yi shi ne abin da kowa a layin ya yi, ya sa wayarsa a caji. Sannan wani tunani ya faɗo masa. Busta goma sha uku. Aikin busta ninkawa ne, ba ta san an daina bukatarta ba. Duk gidan da aka bar ta a haɗe, yanzu kusan bolt ɗari biyar take tura wa talabijin.

Ya kwashe kwalaben ruwan zafi daga akwatin, ya tsaya ya dube shi sau ɗaya. Babu busta a jikinsa, kai tsaye yake shan wuta daga bango. Duwatsun guga kuwa dama don cikakkiyar wuta aka ƙera su, babu abin da zai ƙone. In ma zafi ya ɗan ƙaru, ninki biyu ne iyaka, kuma sai ya ɗauki lokaci. Ya yaye bargon rabi, ya ce wa Inna yanzu zai dawo, ya fita da gudu da sukudireba a hannu.

Gidan farko ya tarar sun yi dabara sun kashe da kansu. Gida na biyu talabijin ya riga ya yi hayaƙi, matar gidan tana fifita shi da faifai. Na uku maigidan ba ya nan, an kulle ɗaki da busta a ciki, sai da aka nemo tsani aka cire fis daga waje. Duk inda ya shiga sai an riƙe shi: wannan yana son a duba masa firij, waccan tana son a mayar mata da injin markaɗe kan layi, wani tsoho ya ce lallai sai ya sha kunu. Mutanen da jiya suke kiransa Shamsu marar zama, yau Injiniya suke cewa, kuma su da gaske suke. Ya yi sallar azahar a masallacin ƙarshen layi da sukudireba a aljihu.

Rumfar Sanda mai aski ce ta goma sha uku. Sanda ya bar wani mutum da rabin kai a kujera, ya ja da baya yana nuna kusurwa da tsinken kum. "Injiniya, bustag ga taka tana wari," in ji shi. Shamsu ya fizge wayar, ya haɗa masa injin askin kai tsaye, injin ya kama da wata murya da Sanda ya ce rabonsa da jin ta tun yana Gusau. Sanda ya yi ta godiya, har ya ce aski kyauta na wata uku.

A nan Nafisat ta sauka daga keke, ta dawo daga makaranta. Ta ga taron, ta ji labari, ta ce ashe yau Injiniya ne gwamnan layi. Sannan ta tambaye shi 'ya'yansa fa. Ya ce suna lafiya, babu busta a kansu, zafi ne kawai zai ninka, kuma ya yaye bargo.

Ta daina dariya. "Ninki nawa ka ce?"

"Biyu mana. Wuta ta ninka biyu."

"Taurin kan ya canza?"

"A'a. Om ɗari biyu da arba'in, yana nan."

"To yi lissafin."

Ya tsuguna ya ɗauki tsinke, ƙasa tana da sauran damshi. Bolt ɗari biyu da arba'in a raba da om ɗari biyu da arba'in. Amfiya ɗaya, ba rabi ba. Ƙarfin turowa ya ninka, yawan mai wucewa ma ya ninka. Ɗari biyu da arba'in sau ɗaya. Ya rubuta lambar, ya gane ta tun kafin ya gama rubuta sifilin. Ita ce ta kwantar da kyandir cikin tsawon sallar la'asar. Yanzu kuwa ƙarfe uku saura kwata.

Silifas ɗinsa ɗaya a rumfar Sanda ya kwana.

Ya tarar da Inna zaune a kan tabarma a baranda da mafici a cinya, jan salatif yana hannunta, filogi a ƙasa. Kawu yana tsaye da koren fayil a hammata. Gilashin gefen dama ya tsage daga sama har ƙasa, ma'aunin zafi ya fashe, ruwan kwano ya ƙafe ƙaf, gefen bargon da ya taɓa ƙarfe ya yi baƙi. Barandar tana wani irin ƙamshi mai kama da na teburin mai shayi.

A hankali labari ya fito. Tun kafin azahar Inna ta taɓa gilashin ta ji ya yi zafin da bai saba ba. Ta kira wayarsa sau bakwai, wayar tana ta kiɗa a falo a jikin caja. Ta yaye sauran bargon, ta yi ta fifita akwatin daga waje. Da ta miƙa hannu za ta zare filogi, Kawu ya karanta mata sakin layi na shida. Ba mugunta ya yi ba. Ya ce yaron nan ya yi lissafi, ga shi nan a bango, su da ba su san aikin ba kada su ɓata masa, wataƙila a kwana na goma sha ɗaya haka ake so. Suka yi ta ja, ita tana cewa ta san ɗumin kaza tun kafin a haifi mai lissafin, shi yana cewa rubutu rubutu ne. Sai da gilashi ya yi ƙara ya tsage sannan ta ce, "Malam, ka kai ni ƙara," ta fizge.

Shamsu bai yarda ba tukuna. Ya ce a ba shi kwana uku, ƙwan zabi yana da kauri, wataƙila na gefe sun tsira. Nafisat ta lissafa masa cewa in yana son wat sittin a wannan sabuwar wutar, om ɗari tara da sittin yake bukata, wato dutsen guga goma sha shida, sai dai ya tafi roƙo har unguwar Abakpa. Sai ya tuna da 'yar na'urar da ke aljihun tebur. Ya haɗa ta. Ta kama nan take, babu kukan gyare, lambobi ja suka fito a fuskarta. Zafi ya kai ta yanke, ya sauka ta maido, ƙas, ƙas, dare da rana, ba a bukatar bargo ba a bukatar kowa. Kwana uku ta riƙe talatin da bakwai da rabi ba ta kauce ba. Bai taɓa haɗa abin da ya yi aiki da kyau haka ba.

A rana ta uku ba sai an haska fitila ba, hanci ya isa. Inna ta ce a fitar mata da su kafin su fara fashewa. Shi da kansa ya haƙa rami a bayan gida, a daidai inda ta auna za a kafa akurki, don nan ne ƙasa ta fi laushi.

Da yamma Kawu ya kira shi falo, fanka tana ta gudu, an danne fayil da kofi. Ya ce ya samu labarin abin da ya yi wa layi, mutum shida sun zo har gida sun yi godiya, kuma ya ji daɗi. Ya ce ya kuma lura kwana goma sha huɗu bai bar unguwa ba. Shamsu ya ce to Kawu a duba, ba shi ya haɗa taransifoma ba, kuma da an zare filogi da wuri da an tsira da ko rabi ne.

Kawu ya buɗe fayil ya juyo masa da shi, ya ɗora yatsa a kan sakin layi na shida, ya tambaye shi wa ya nemi a rubuta wannan. Sannan ya matsar da yatsan sama zuwa na biyu, inda aka ce rabinsu su ƙyanƙyashe. Ya ce ya duba ko'ina bai ga inda aka ambaci taransifoma ba.

Inna ta sa baki daga ƙofa, ta ce ƙwan nata ne kuma ta yafe. Kawu ya ce yafiya daban, yarjejeniya daban, kuma ya riga ya yi wa Sanda magana tun ranar da aka sa hannu, ba zai zama mai baki biyu da tsufansa ba. Ranar Asabar Sanda ya zo ya karɓi makulli. Da zai shiga ya tambayi Shamsu ko zai ja masa waya ya sa masa soket uku da fitilar madubi, tunda duk layin babu wanda ya kai shi. Shamsu ya ce sai ya duba lokacinsa. Bayan la'asar ya ɗauko mitarsa ya je, kuma kafin ya taɓa komai sai da ya soka ta a bango.

Abin da aka rasa ke nan: ƙwan zabi sittin, hamsin da ɗaya a cikinsu da rai, ma'aunin zafi ɗaya, gilashin shogilas na gefen dama, kusurwar bargo ɗaya, talabijin biyu da rediyo ɗaya a gidajen da bai kai da wuri ba, aikin sili na sati uku a Abuja, da shago ɗaya mai ƙofar ƙarfe, yana kallon titi.